Yawon Amarci: Mu Daura Muka Ce, Ba Dubai Ba

Abin da ya jawo wannan rubutu wata gardama ce da ta ɓarke kwanan baya a zaman karatu da muka yi, mu marubuta. Wani ɗan'uwanmu matashi ya tashi ya karanto mana babin ƙarshe na littafin da yake shirin kai wa maɗaba'a. Bayan wahalhalu iri-iri tauraron labarin ya samu sahibarsa, an ɗaura aure, an sha biki, washegari sai ga su a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, sun nufi Dubai cin amarci. Bai kai aya ba wani dattijo a cikinmu ya katse shi, ya ce wannan tarbiyyar Nasara ce, ɗiyar Musulmi ɗakinta shi ne darajarta, kuma irin waɗannan littattafai su ne ke hure wa yara kunne. Aka rabu gida biyu, aka yi ta cacar baki har aka kira magariba. Mu dai da muka fito daga karkarar arewacin Kano mun yi shiru muna kallonsu, domin mun lura duk cikinsu babu wanda yake magana a kan amaryar da muka sani. Shi matashin ya ƙago wata amarya mai fasfo, shi kuma dattijon yana kare wata amarya ta cikin tunaninsa wadda ba ta da bakin magana. Ta Dambatta da ta Makoɗa da ta Kunci da ta Tsanyawa babu wanda ya tuna da ita.

To, matsayinmu shi ne: ango ya ɗauki amaryarsa, su biyu rak, su shiga mota su yi tafiyar kwana uku ko huɗu a cikin ƙasarsu kafin ya koma ga neman abincinsa. Mun san za a ce mun zo da sabon salo, don haka bari mu fara da abin da ke faruwa yanzu, wanda kowa ya gani ya kau da kai.

Ƙasarmu ƙasa ce mai cunkoso. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Bichi, ko ta Dambatta, ko ta Minjibir, ya san ba ya yin tafiyar minti biyar bai ga rufin gida ba. Gona ta haɗe da gona, babu saura, babu daji, sai gawo da ɗorawa da kuka a tsattsaye a tsakiyar shuka. Tun a 1965 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore da abokin aikinsa suka wallafa bincike a kan wannan yanki, inda suka nuna yadda mutane suka yi yawa har ba a barin gona ta huta, sai dai a yi ta ciyar da ita da taki, jakuna na kai itace birni suna dawowa da shara. Yau shekara sittin ke nan, gonar ba ta ƙaru ba, magada ne suka ƙaru. Ma'anar wannan ga sabon ango ita ce ba shi da inda zai keɓe. Ɗaki ɗaya za a yanka masa a gidan mahaifinsa, a jikin na yayansa, katangar zana ce ko ta ƙasa wadda ko tari ka yi an ji. A nan za a sauke yarinya 'yar shekara goma sha bakwai ko sha takwas, a tsakiyar uwar miji da matan yayyen miji da ƙannen miji, kowa ido a kanta.

Yawancin aurenmu da kaka ake yi, in gero da dawa sun shiga rumbu, an sayar da gyaɗa da wake, kuɗi ya ɗan zauna a aljihu. Mai karatu ya duba kwanakin farko na wannan aure da idon basira. An sa lalle, an yi kamu, an ɗaura, an kai amarya da guɗa. Ɗakin cike yake da ƙawaye da 'yan ganin jere. Ango yana can gidan abokinsa yana ɓuya, sai dare ya raba a rako shi a yi sayen baki. Da asuba ya sulale. Tuwonsa a zaure zai ci da tsaransa, ita kuma ta ci nata a cikin gida da mata, in ma kunya ta bar ta ta ci. Ba za ta faɗi sunansa ba, ba za ta ɗaga ido ta dube shi gaban mutane ba. Ba mu raina kunya ba, ado ce, amma a gaya mana, a cikin wannan mako ina sa'a ɗaya da rana tsaka da waɗannan mutane biyu suka zauna suka yi hira irin ta waɗanda za su kwashe shekara arba'in tare?

Daga nan sai tafiya ta zo. I, akwai tafiya bayan biki a karkararmu, tun kaka da kakanni, sunanta ci-rani. Bambancin kawai shi ne ango ke yin ta shi kaɗai. Bara waccan mun halarci wani biki a wani ƙauye gabas da Dambatta. Kwana tara da tarewa muka ga angon a bakin titi da jakarsa, yana jiran motar da za ta kai shi Kano ya kama ta Legas, domin bashin da ya ci na lefe ba zai jira damina ba. Bai dawo ba sai da aka yi ruwan shuka. Wata shida amaryar ta yi tana surfe da daka da ɗiban ruwa a gidan da ba ta san kowa ba, mijin da aka ce don shi aka kawo ta kuwa sai dai muryarsa a waya, in an samu caji. Da ya dawo ya tarar da labari iri uku a kanta, na uwarsa da na matar yayansa da nata, bai san wanda zai gaskata ba, don bai san halinta ba balle ya ce wannan za ta aikata, wannan ba za ta aikata ba. Kafin kaka ta zagayo tana gidan ubanta da takarda. Da muka je jaje sai muka ji dattawa na cewa yaran zamani ba su da haƙuri. Haƙuri da wa? Mutumin da duka-duka zamanta da shi bai kai wata guda ba?

Mun san mutuwar aure a Kano ba sabon labari ba ne. Gwamnati ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hisbah a 2012, a watan Oktoba na 2023 kuma aka ɗaura wa mutum 1,800 da matansu aure a rana ɗaya, da gado da katifa da jari. Madalla da wannan. Amma duk ƙoƙarinmu, na hukuma da na dangi, ya ƙare ne a kan kaya. Mun iya cika ɗaki. Abin da muka kasa shi ne mu fita daga ɗakin mu bar masu shi su san juna.

Yanzu ga dattijonmu da masu ra'ayi irin nasa, waɗanda suka ce tafiya da amarya baƙon abu ne a addini da al'ada. Da girmamawa muke cewa, Malam, a sake duba littafi. Ɗalibin da ya karanta Risala ya san shari'a ta ware wa budurwa kwana bakwai, bazawara kwana uku, ko da mijin na da wasu matan. Shari'ar da ta dakatar da rabon kwana saboda sabuwar amarya ta samu natsuwa da mijinta, ita ce za a ce ta yarda ƙawaye da 'yan ganin ɗaki su cinye kwanakin? Sa'an nan ga tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. In zai yi tafiya ƙuri'a yake yi tsakanin matansa, wadda ta faɗo a kanta ya tafi da ita. A hanyar dawowa daga Haibara, shekara ta 7 bayan hijira, ya tare da Nana Safiyya, aka yada zango kwana uku, aka yi walima da dabino da man shanu da cuku, babu nama babu gurasa. A wannan shekarar dai ya tare da Nana Maimuna a Sarif, a kan hanyarsa ta barin Makka. A cikin tafiya ne kuma ya yi tseren gudu da Nana A'isha bayan ya ce wa jama'a su yi gaba. Wanda duk ya san waɗannan ba zai ce miji da mata a kan hanya koyi da Nasara ba ne. Wane muharrami ne ya fi miji?

Ta fuskar al'ada ma maganar ba ta tsaya ba. Wannan yanki namu shi ne gidan Agalawa da Tokarawa, fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni, kuma akwai mata a cikin ayari. Alhazan da suka tafi Makka a ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur da iyalansu suka tafi, shi ya sa har gobe akwai garuruwan Hausawa a Sudan. Kakanninmu mata sun ga duniya fiye da jikokinsu. Mu ne muka zo daga baya muka mai da bakin zaure iyakar ƙasa, har ta kai ana samun matar da ta haifi 'ya'ya biyar a ƙasar Makoɗa ba ta taɓa ganin Dutsen Dala ba, in ba asibiti aka kai ta ranga-ranga ba. Ko su Turawan da ake jingina wa abin, a Ingila ta ƙarni na 19 yawon amarcinsu zagaye ne na gaida dangin da ba su samu zuwa biki ba, wani lokaci har da rakiyar 'yan'uwa. Wannan kuwa ai gaishe-gaishen bangajiya ne da muka sani. Otal da bakin teku daga baya suka zo.

Sai mu juyo kan namu, marubuta, domin laifinmu ya fi na dattijon. Tun daga shekarun 1980 da 1990, lokacin da su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa suka sa matasa karatun Hausa, har masana suka yi ta jayayya a jaridu a kan abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, babu wanda ya kai marubucin soyayya shiga ɗakin 'yan mata. Malami ba ya shiga inda littafinmu ke shiga. Yanzu ma da abin ya koma waya da rediyo, yarinya a Kunci tana saurarenmu tana tankaɗe. Me muka yi da wannan dama? Da yawa daga cikin na baya-bayanmu mun koya mata cewa jin daɗin aure yana farawa ne daga matattakalar jirgi. In ba Dubai ba Landan, in ba Landan ba Istambul, kuma mai rubutun galibi ko Zariya bai taɓa kwana ba, shi ya sa duk biranen nasa kamarsu ɗaya, dogon bene da sanyin na'ura da kaza. Yarinya ta ji wannan, ta dubi ɗakinta na ƙasa da mijinta mai fartanya, ta yanke cewa ita ba a rubuta mata ba. Shi kuma angon ya ji, ya ce wannan harkar 'ya'yan gwamna ce. Da hannunmu muka ɗauke abu mai sauƙi muka rataye shi inda talaka ba zai kai ba, sa'an nan muka ba masu suka sandar dukanmu.

Wani abin lura a nan, adabinmu na tafiye-tafiye kusan duk na maza ne. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Tauraron Ruwan Bagaja ya karaɗe duniya shi kaɗai. Mace fa? Wadda muka fi tunawa ita ce mahaifiyar Shaihu Umar a littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ita ma masifa ce ta fito da ita, neman ɗanta ya kai ta hamada. Wato a wurinmu mace ba ta kama hanya sai in wani abu ya ɓaci. Mun ce tafiya mabuɗin ilmi ce, muka sa mabuɗin a aljihun maza.

To wace tafiya muke nufi? Ga misali. Ranar Lahadi kasuwar Dambatta ke ci, mota ba ta wuya. Ango da amarya su shiga ta Kazaure, su ga duwatsunta da dam ɗinta, su zarce Daura, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Su je rijiyar Kusugu su sha ruwanta, ya ba ta labarin Bayajida da macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ko ita ta ba shi, don wataƙila ta fi shi riƙe abin da aka koya musu a firamare. Su kwana gidan gwaggonsa ko kawunta, wanda dama yana ƙorafin ba a kawo masa amarya ya gani ba. In hali ya yi su ƙarasa Katsina su ga hasumiyar Gobarau. In kudu suka fi so, ga birni: su hau Dala su hango ganuwa, su shiga Gidan Makama, su ga marinar Ƙofar Mata, su ratsa Kurmi ya saya mata turare da hannunsa, su je gidan namun daji na Audu Baƙo. Wanda aljihunsa bai kai nan ba, ga dam ɗin Tomas a bayan gida, ga na Watari a Bagwai, a kan babur ma a je a wuni a dawo. Layin dogon da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi ta Dambatta da Kazaure da Daura aka zana shi, in Allah ya sa jirgi ya fara bi, zancen ya ƙara sauƙi.

Kada wani ya ce ai ganin rijiya ba ya gyara aure. Mun sani. Rijiyar dalili ce kawai. Abin da muke so shi ne kujerar mota da za ta tilasta musu zama kafaɗa da kafaɗa, da kwano ɗaya na shinkafa da wake a tasha wanda dole su ci tare don babu zaure babu cikin gida. Ta ga yadda yake yi in kwandasta ya yi masa rashin kunya, ya ga yadda take yi in ta gaji ko ƙishirwa ta kama ta. Ya gano ashe tana da ban dariya, ta gano ashe yana tsoron gudun mota. An ruwaito cewa Sayyadina Umar, da wani ya zo yana yabon wani mutum, daga cikin abin da ya tambaye shi har da ko ya taɓa tafiya da shi. Mu kuwa muna haɗa mutum biyu zaman har abada ba su taɓa zuwa ko kasuwa tare ba.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce mai nauyi, kuma ba za mu yi kamar ba mu san ta ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya zama abin da manomi ke lissafawa da mudun gero. Amma jama'a, mu ji tsoron Allah. A bikin da muka ambata ɗazu mun ƙirga motocin haya da aka ɗauko don kai amarya, ban da babura da ke tashin ƙura suna wasa da rai, a kan tafiyar da ba ta fi ta jaki ba. An sayi anko, an ɗauko mai kiɗan na'ura da janareto, an jera kwanuka da kuloli har rufi waɗanda ba za a taɓa zuba musu miya ba. Motoci nawa aka biya don 'yan rakiya su sha iska? Ashe muna da kuɗin yawon kowa da kowa, na mutum biyun da aka taru dominsu ne babu. A rage mota biyu daga cikin jerin, a rage dozin ɗaya na kwano, kuɗin Daura ya fito har da tsaraba.

Akwai tsoro guda da muke ganin gaskiya ne, kuma mu ma muna da shi. Malam Bahaushe bai iya karɓar abu ya bar shi yadda yake ba. Lefe da kwando ɗaya ya fara. In aka yi sake, gobe za a ji uwar amarya na cewa 'yarta ba za ta tare ba sai an faɗi garin da za a kai ta, maƙwabta su shiga gasa, a ce ta gidan wane Abuja aka kai ta, a ƙara wa saurayi wani dutsen a kan wanda yake ɗauke da shi. In haka za ta kasance gara a bari. Shi ya sa muke cewa kada a sa shi cikin sharuɗɗa, kada a yi masa suna a katin biki, kada a ɗauki mai hoto. Magana ce tsakanin miji da mata, da izinin iyaye, a tafi shiru a dawo shiru. Haka nan ba mu ce a kama kowace hanya ba. Wanda ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa yankin Jibiya da Batsari da Safana a shekarun nan ba zai kai 'yar mutane can yawo ba, kuma ko'ina za a je a fita da hantsi a sauka kafin la'asar. Wata matsalar kuma ita ce auren karkara ba shi da takarda. Saurayi da yarinya a tasha ko a masauki, in aka tare su da tambaya, da me za su kare kansu? Wannan aikin limamai da masu unguwanni ne, su riƙa ba da shaidar aure a rubuce ranar da aka ɗaura, abin da ko babu tafiya ya kamata a ce ana yi.

Ga iyayenmu mata kuma, musamman uwar miji, mun san abin da ke ranku ko ba ku faɗa ba: mu da aka kawo mu ba a kai mu ko'ina ba, ga shi mun zauna. Gaskiya ne, Inna, kun zauna, Allah ya saka muku. Amma ku kuka san abin da kuka haɗiye kafin zaman ya yiwu, kuma ku kuka san sa'o'inku nawa ne ba su zauna ba. Kwana uku ba za su sa tuwon gidan ya ƙi dahuwa ba. Yarinyar da ta dawo ta san mijinta ta fi sauƙin zama da ku a kan wadda ke kwana da tsoron kowa.

Shi kuwa ɗan'uwanmu mai littafi, bayan an tashi daga zaman mun ja shi gefe muka ba shi shawara ya yage babin nan na Dubai, ya sa tauraronsa da amaryarsa a kujerar baya ta motar Daura, buhun barkono a ƙarƙashin ƙafarsu, wata tsohuwa a gefe tana tsokanarsu, taya ta fashe kafin Kazaure su sauka su zauna a gindin gawo suna jiran faci. Muka ce a nan zai samu hirar da ya kasa samu a dogon bene. Ya yi dariya ya ce masu karatu ba za su saya ba, su jirgi suke so. Muka tambaye shi ko ya taɓa gwada su. Ya ce a'a. Muka tambaye shi ko shi da kansa ya taɓa zuwa Daura da maiɗakinsa, shekara shida da aurensu. Nan ma ya ce a'a, amma ita ta sha yi masa maganar.